Maɓallin da Inna Ta Ja

Kafin in ɗora, bari in amsa wa masu cika min waya da saƙo. Wata ta rubuto wai na cika tsauri, mutum yana sona ni kuma ina kiransa da sunan tsokana. 'Yar nan, shekarata arba'in da uku. Na yi aure, na yi takaba, na aurar da 'ya. Wadda ta zo neman labarin rabin rai da bugun zuciya ta sauka a nan, gaba babu tasha. Abin da ya faru nake rubutawa, har wanda bai yi min daɗi ba. Na yau yana cikinsu.

Ga waɗanda yau suka fara karantawa: ni mai ɗinkin labule ce. Aji huɗu na yi a makaranta, sauran karatuna a jikin kwalin magani da tsofaffin jaridu na ƙarasa shi. Ina zaune da mahaifiyata, Inna, wadda ɓarin jikinta na dama ya shanye bara. Hannun hagu lafiya ƙalau, magana tana fita da ƙyar, hankali kuwa sai dai ta sammaka. Litinin da Alhamis nake kai ta asibiti gashin ƙashi.

Yaya, babbanmu, tun ranar da aka sallamo Inna yake so ya ɗauke ta. Gidansa bene ne, ɗakin da ya ware mata yana sama, tagarsa na kallon bangon maƙwabci. Inna kuwa rayuwarta duka a kujerar bakin ƙofata take, inda take ganin masu wucewa tana gyara musu tarbiyya. Hujjar Yaya ɗaya ce: mace ita kaɗai, ga ɗinki, ga jinya, ga tuƙi, wata rana za a ji abin da ba a so. Ya taɓa ce min, "Ranar da kika yi kuskure ɗaya da Inna, ranar zan zo in kwashe kayanta." Yaya ba ya barazana. In ya faɗa, ya rubuta.

Sai mai nemana. Shagon tabarau gare shi, matarsa ta rasu shekara uku da suka wuce. Ni na sa masa Ba-Komai, don ban taɓa gaya masa wata magana ya amsa da wani abu ba. Na shanya shi awa ɗaya a falo, ba komai. Na ce turarensa yana sa ni atishawa, ba komai. Dangi kaf sun mutu a kansa, wai mai haƙuri ne. Ni kuwa mutumin da komai ba komai ne a wurinsa, tsoronsa nake ji. Ruwan da bai motsi ba a san zurfinsa.

Ranar Talata kulocin tsohuwar motata ya mutu, motar da marigayi mijina ya bar min, mai giyar hannu. Makanike ya ce sati biyu. Ban gaya wa kowa ba sai Auta, ƙanwata, wato na gaya wa duniya. Laraba da yamma sai ga Ba-Komai a ƙofar gida da motarsa, ruwan toka, kujerunta har da sauran ƙamshin leda. Ya sha riga shuɗiya mai haske, karin guga a hannun kamar wuƙa.

"Ranki ya daɗe, ki riƙe ta har taki ta warke."

"Kai kuma da ƙafa za ka riƙa zuwa shago?"

"Ba komai."

Na so in ƙi. Amma gobe Alhamis, kuma Inna ba ta iya hawa motar haya. Inna daga kujerarta ta ɗaga hannun hagu ta ce a sa ta ciki ta gani. Muka tallafe ta zuwa kujerar gaba, ni na zauna a mazaunin direba, shi ya tsaya ta taga yana bayani.

"Giyar ba wuya, ita ke canja kanta. Abu ɗaya ne ya bambanta da taki. Nan babu sandar birkin hannu. Kin ga wannan ɗan maɓallin tsakanin kujeru, mai harafin P cikin da'ira? Shi ne. In kin tsaya, ƙafarki tana kan birki, ki sa yatsa ƙarƙashinsa ki ja sama. Za ki ji ɗan gunji daga tayoyin baya, jar fitila ta kama a gabanki. Sannan ki mayar da giya P. In za ki tashi ne ake danna shi ƙasa."

"Na ji."

"Kuma ko mota tana tafiya, in birkin ƙafa ya ƙi, a ja shi a riƙe, za ta..."

"Malam, shekara goma sha ɗaya ina tuƙi."

"Ba komai. Littafinta yana aljihun gaba."

To ga gaskiyar da ban gaya wa kowa ba. Ban ji ko rabin abin da ya ce ba. Kunnena yana wurin, hankalina yana kan karin gugar nan, ina tunanin wa ke yi masa, kuma ina shirya fuskar da za ta nuna masa motarsa ba ta burge ni ba. Ni da nake karanta takardar cikin kwalin maganin sauro tun daga sama har ƙasa, ban buɗe littafin nan ba. Na ga kamar in na buɗe, na karɓi motar ke nan, in na karɓi motar kuma na karɓi mai ita. Girman kai ne, ba shi da wani suna.

Bayan magariba saƙon Auta ya shigo.

"Anti, an ce motar ango za ta kwana a gidanmu."

"Aro ce."

"Haka ake farawa. Yau aron mota, gobe aron suna."

"Ki je ki duba yaranki."

"Sun ci sun ƙoshi. Ke dai ki sa leshin nan mai ruwan zuma gobe, kada mota ta fi direba kyau."

Ban sa leshin ba. Doguwar riga baƙa na sa da mayafi ruwan ƙasa, da silifas ɗin da nake taka keken ɗinki da su. Inna ta zaɓi zanenta mai ganye-ganye, na ɗaura mata ɗankwali, ta ce ya karkace, na sake. Na zaunar da ita gaba, na ɗaura mata bel, na ɗaura nawa. Da na sa giya na taka mai, sai na ji ɗan gunji, birkin ya saki kansa. Na ce a raina ashe ma motar ta san aikinta, surutun jiya na mene ne.

Ƙofar sashen gashi tana kan tudu. Mota takan hau ta tsaya a bakin baranda a sauke mara lafiya, bayanta gangare ne mai tsawon kamar taku talatin. A ƙarshensa akwai turakun ƙarfe guda uku, bayansu kwalbati mai zurfi, buɗaɗɗe. Na fi shekara ina tsayawa a wurin nan, jikina ya haddace abin da yake yi: taka birki, mayar da giya firi, inda mota ba ta cikin kowace giya, ja sanda, fita ɗauko keken guragu. Ranar ma haka jikin ya yi. Na taka birki, na tura giya firi, na kai hannu neman sanda, hannuna ya kama iska. Sai na tuna da maɓalli. Duk maɓallin da na sani a duniya, na fanka, na waya, na dutsen guga, danna shi ake yi. Na danna. Ban duba fitila ba. Na bar injin a kunne don na'urar sanyi ta ci gaba da yi wa Inna aiki, na fita.

Motar ta yi ta ƙara, ƙit, ƙit, ƙit. Na ɗauka kukan ƙofa ne. Wurin da tayoyin suke ya ɗan yi shimfiɗa, shi ya sa ba ta motsa nan take ba. Sai da na shiga baranda, na kamo keken, na juyo.

Tana tafiya da baya. A hankali, kamar wadda ba ta son a ji ta. Ta gilashin gaba ina ganin ɗankwalin Inna yana nisa.

Na saki keken. Na san na yi gudu don daga baya an miƙo min silifas ɗina ɗaya. Wani mutum ya yi salati, wata ma'aikaciya ta ƙwalla ihu. Motar tana ƙara sauri, ni ina bin ta, hannuna bai ko kai madubi ba. Sai na ji gunjin nan, motar ta yi tsalle ɗaya ta tsaya cak. Bayanta ya ɗan taɓa turken ƙarfe, fitilar baya ta hagu ta fashe, tas. Tsakanin taya da bakin kwalbati bai fi kamu biyu ba.

Na buɗe ƙofa. Inna tana zaune yadda na ajiye ta. Hannunta na hagu yana tsakanin kujeru, yatsa biyu a ƙarƙashin maɓallin, ta ja ta riƙe, jijiyoyin hannun sun miƙe. Jar fitila tana ci a gaban sitiyari.

"Inna, saki. Ta tsaya."

Ba ta saki ba sai da na shiga na taka birki na mayar da giya P. Sannan ta dube ni. Maganarta takan fito ɗaya bayan ɗaya, kamar mai ƙirga tsaba.

"Ja. Ya ce. Ba danna ba."

"Na ji, Inna."

"Jiya ma. Haka kika ce."

Na ce mu koma gida, ta ce gashi ta zo kuma gashi za a yi mata. Aka shiga da ita. Ni na zauna a bencin baranda da littafin motar a cinyata, ƙafa ɗaya duk ƙura, na karanta abin da ya kamata in karanta jiya. Tunda na biya kuɗin karatun da tsoro, ku ku karɓa kyauta. Ana jan birkin nan duk lokacin da aka ajiye mota, a tudu ko a shimfiɗa, ba sai an ga gangare ba. A fara jan sa ƙafa tana kan birki, sannan a sa giya P, don nauyin mota ya zauna kan birki, kada ya rataya a giya. Kada a fita sai an ga jar fitila da ido. Ba a barin mota irin wannan a firi a fita, ko na minti ɗaya ne. In tana kuka, magana take yi, a tsaya a duba. In kuma batir ya mutu, maɓallin ba zai saki ba, a kira mai gyara, kada a tsaya kokawa. Duk wannan shafi biyu ne. Shafi biyu na ƙi karantawa don kada a ce na damu da mutum.

Daga nan na tura wa Ba-Komai saƙo: "Na fasa maka fitilar baya. Ka zo bayan la'asar ka gani." Amsar ba sai na gaya muku ba.

Abin da ban sani ba, ma'aikaciyar da ta yi ihu ƙawar matar Yaya ce. Ƙarfe huɗu da 'yan mintuna ina cikin auna labulen wata mata, sai na ji tsayuwar motarsa. Ya shigo ko hula bai gyara ba, ya durƙusa gaban Inna yana taɓa kafaɗarta, yana taɓa gwiwarta. Sannan ya zauna a kujerar da ke fuskantar keken ɗinkina.

"Ke. Me ya faru?"

Ban buɗe baki ba aka yi sallama. Ba-Komai ne, yau cikin farar riga, da ledar lemo a hannu. Ya gaida Inna, ya gaida Yaya, ya dubi fuskokinmu, ya gane inda aka kwana.

"Yaya, ai ni ne mai laifi," ya ce. "Birkin nan yana da matsala tun watan jiya. Wani lokaci a ja ya ƙi kamawa. Na yi niyyar kai ta gyara, na manta, kuma ban gaya mata ba. A yafe ni."

Ya faɗe ta sumul, ko ƙifta ido bai yi ba.

Yaya ya sauke numfashi. Ya yi masa faɗa na minti biyu, faɗan da ake yi wa wanda ake so, ya ce ai mota sai da lura, Allah ya kiyaye gaba. Ya juyo gare ni murya ta yi laushi, ya ce in yi haƙuri, ya zo da zafi. Ya ce Inna ta ci gaba da zamanta.

Ni kuma na yi shiru.

Ku rubuta wannan, ku da kuke cewa na cika wa'azi. Ni da na kori yarinyar da ke taya ni ɗinki saboda ta ce wa mai kaya an gama alhali ba a fara ba, na zauna da tef ɗin awo a wuya, ƙarya tana yi min aiki, ina kallo. Na ji daɗinta ma. Na dubi kujerar bakin ƙofa, na tuna ɗakin sama da bangon maƙwabci, na ce a raina wa aka cuta? Yaya ya sha ruwa, ya ɓare lemo ɗaya, ya yi wa Inna sallama, ya kai bakin ƙofa ya sa takalmi ɗaya. Duk wannan lokacin Inna ba ta dubi kowa ba sai ni. Ba harara ba ce. Kallo ne kawai, irin wanda take yi min ina yarinya in na ce na wanke hannu.

"Yaya, dawo. Motar lafiyarta ƙalau."

Ya tsaya da takalmi ɗaya.

"Ni ce. Ya yi min bayani jiya ban saurara ba. Na bar ta a firi, maɓallin da ake ja na danna, ta yi min kuka na yi banza da ita. Ba turke ne ya tsayar da ita ba, Inna ce ta ja birkin."

Ba-Komai ya sunkuyar da kai yana kallon ledar lemo. Yaya ya cire takalmin a hankali, ya dawo tsakiyar falo. Bai ɗaga murya ba, da ma ya ɗaga.

"Haɗa mata kayanta."

"Yaya..."

"Na gaya miki tun bara. Kamu biyu, aka ce min. Kamu biyu tsakanin uwarmu da kwalbati. Kai kuma Malam, na ɗauke ka mutumin kirki, ka dubi idona ka shirya min zance."

Na tashi. Sharaɗi ne na sani kuma na karya. Na nufi ɗakin Inna ina tunanin wace jaka za ta ɗauki magungunanta. Sai na ji sandarta ta bugi ƙasa sau biyu.

"Babba."

"Na'am, Inna."

"Zauna."

Ya zauna. Mutum mai shekara hamsin da ɗaya, da furfura a gemu.

"Wa ya tsayar. Da motar?"

"An ce ke ce, Inna."

"To. Ni ba kaya ba ce. Da za a haɗa." Ta huta, ta goge gefen bakinta da hannun hagu. "Wannan. Ta yi wauta. Ta faɗa. Da bakinta. Kana bakin ƙofa. Da ta bari. Ka tafi."

"Inna, rai ake magana."

"Raina ne. Gidanka. In na faɗi a bene. Wa zai gaya maka. Gaskiya? Kowa tsoronka. Yake ji."

Yaya ya gyara zaman hularsa. Ya san matarsa, ya san 'ya'yansa, ya san ko kofi aka fasa a gidan sai an ce mage ce.

Ba a tashi haka nan ba. Yaya ya kafa nasa sharaɗin: ba zan ƙara tuƙa Inna a motar nan ba sai ya zauna a gefena ya ga na tsaya a gangare na tashi da idonsa. Na ce na yarda. Inna ta ce a ba ta lemonta. Ba-Komai ya miƙe ya yi sallama, bai dube ni ba. Na bi shi har ƙofar gida da makullin.

"Ga shi. Kuma ka sani, wanda ya yi ƙarya domina yau, gobe ni zai yi wa. Ban iya zama da haka ba."

Na jira kalmar tasa. Bai faɗe ta ba. Bai karɓi makullin ba kuma. Ya dubi fasasshiyar fitilar, ya juya ya tafi da ƙafa, farar rigarsa tana kaɗawa har ya sha kwana.

Auta ta turo saƙo goma sha ɗaya kafin magariba, na farko "Anti kin kashe mu," na ƙarshe "wallahi ke ko a aljanna sai kin sami abin gyarawa." Na ba Inna maganinta, na koma kan labulen matar nan, na ɗinka layi ɗaya a karkace na farke.

Ana idar da sallar isha wayar ta yi ƙara. Shi ne. Na kwafo muku yadda ya rubuta.

"Yau da komai. Na ji haushi. Kin kunyata ni gaban yayanki, kuma kin yi daidai, wannan ya fi ba ni haushi. Ƙaryar da na yi tsoro ne, na ga za a raba ki da Inna. Ba zan ce ba zan ƙara jin tsoro ba, amma ba zan ƙara yi miki irin wannan gatan ba. Fitilar nan kuma tana min ciwo, motar ko wata huɗu ba ta yi ba. Ranar Litinin ƙarfe tara zan zo da Yaya, ki ja maɓallin nan sau goma a gangare muna kallo. In kin gama, ina son amsata, ko wace iri ce. Shekara ɗaya ina cewa ba komai, na gaji."

Na karanta sau uku. A shekara guda, wannan ne karo na farko da na ji muryar mutumin. Na ajiye wayar a kan keken ɗinki, na ɗauka, na sake ajiyewa.

"Shi ne?" Inna ta tambaya daga ɗakinta.

"Shi ne."

"Karanto."

Na tsaya bakin ƙofarta na karanta mata duka, har wurin fitilar. Ta lumshe ido, na ɗauka barci ya ɗauke ta. Na kai hannu zan sauke labule.

"Ce masa. Ƙarfe takwas," ta ce. "Tara. Ina da gashi. Kuma ni. Zan zauna gaba."